Rigar gudu ta daina janye gumi, sai na sa mata almakashi

Wata biyar rigar ta yi tana yi mini biyayya kafin ta canza hali. Riga ce ta motsa jiki, shuɗiya, marar nauyi, irin wadda ake rubuta wa a wuya cewa tana janye gumi daga fata. Da farko haka take yi kuwa. In na dawo daga gudun safe, kafin in kwance igiyar takalmi in zauna in huta, ta kusa bushewa a jikina. Daga baya sai na fara jin gumi yana gangarowa ta ƙarƙashinta, yana bin tsakiyar bayana har ƙugu, ita kuma ta manne mini kamar an naɗe ni da leda. Ga wani tsami da ya ƙi fita. A wanke ta, a shanya ta, ta bushe tana ƙamshi, amma da zarar jiki ya ɗumama ta minti goma sai warin ya farka.

Abin ya ba ni haushi ne don na san inda na fito. Shekara biyu na yi ina gudu da rigunan auduga. Rabin sa'a ya isa su jiƙe sharkaf, su yi nauyi, su zazzago, ɗinkin hammata ya riƙa gogar fata har ta yi ja tana raɗaɗi a wurin wanka. Ba ni kaɗai abin ya taɓa dama ba. Kevin Plank, wanda ya kafa kamfanin kayan wasanni na Under Armour a 1996, ɗan wasan ƙwallon Amurka ne a Jami'ar Maryland, kuma abin da ya tunzura shi shi ne gajiya da sauya jiƙaƙƙun rigunan auduga da yake sawa a ƙarƙashin kayan wasa. Ni ban kafa kamfani ba. Riguna biyu na saya iri ɗaya, na riƙa sa ɗaya, ɗayar na bar ta a ledarta a ƙasan akwati na manta da ita.

Kamfanin da ya yi rigar na fara zargi. Na faɗa wa abokin gudu na, wani dattijo da ya yi shekaru yana aiki a ɗakin gwajin yadi na wata masaƙa, cewa yaudara ce kawai, sun shafa mata wani abu da zai kai ta ƙofar gidan mai saye sannan ya wanke. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, kafin ka yanke mata hukunci, ka ɗiga mata ruwa ka gani. Ɗigo ɗaya tak, ka riƙe agogo." Ya ce a wurin aikinsu da wannan ake farawa, kuma har ƙa'idarsa akwai a rubuce cikin hanyoyin gwaji na ƙungiyar masana sinadaran yadi ta Amurka, AATCC.

Da yamma na shimfiɗa abubuwa huɗu a kan tebur: tsohuwar rigar auduga, shuɗiyar da ta ɓata mini rai, tagwaininta da na tono daga akwati, da wani ƙyallen poliyesta mai santsi da na ciro daga cikin tsohuwar jaka. Na wanke kwalbar maganin ɗigon ido na cika ta da ruwa. A kan auduga, ɗigon ya nutse nan take, ya bar tabo mai duhu kamar girman kan yatsa, ya tsaya a nan. A kan ƙyallen jaka ya dunƙule ya zauna yana sheƙi, na karkata tebur ya mirgine ya faɗi. A kan sabuwar rigar kuwa ban ma gama ganin saukarsa ba ya ɓace, naso ya bazu ta kowane ɓangare har ya ninka na auduga faɗi, amma in ka taɓa wurin da ƙyar za ka ji laima. Sai tsohuwar shuɗiyata. Ɗigon ya zauna a kanta ƙyam, na ƙirga har ya wuce minti ɗaya, sannan ya fara nutsewa a hankali kamar wanda ake tura wa aiki ba ya so.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ukun nan da ba auduga ba duk abu ɗaya aka rubuta a jikinsu: poliyesta. Dangin robar da ake yin gorar ruwa da ita ce, daga man fetur ake samo sinadaranta, kuma wasu Turawan Birtaniya biyu, Whinfield da Dickson, su suka yi mata rajista a 1941 suna aiki da wani kamfanin buga zane a kan yadi da ke Manchester. Silin poliyesta ba ya shan ruwa. In an ajiye shi a ɗaki mai matsakaiciyar laima, ruwan da zai tsotsa daga iska bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Nailan yakan ɗauki wajen kashi 4, auduga kashi 7 zuwa 8, ulu kuma kusan ninkin na auduga. To ta yaya zaren da ya fi kowa ƙin ruwa ya zama shi ake kira don ya kwashe gumi? Kuma me ya raba sabuwar riga da ƙyallen jaka?

Da na kai masa tambayar washegari, dariya ya yi. "Kana neman ruwan a cikin zare, ba a nan gizo ke saƙar ba. Tsakanin zare da zare za ka duba." Ya tuna mini da lagwanin fitila. Kananzir yana ƙasa, wuta tana sama, babu famfo, babu mai tura shi, amma yana hawa. Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayoyin ruwa suna riƙe da junansu, kuma suna son manne wa bangon da suka taɓa in bangon mai karɓar ruwa ne. Na gefe su kama bango su ɗan hau, su jawo 'yan uwansu, su sake hawa. In hanyar tana da faɗi, nauyin ruwan tsakiya ya rinjayi masu jan, sai a tsaya. In ta matse, ruwan da ake ja kaɗan ne, bangon da ake kamawa kuma ga shi kusa ta ko'ina, sai tafiya ta yi nisa.

Gani ya kori ji, don haka na gwada. Na cire gilasai biyu daga firam ɗin hoto, na wanke su tas da sabulu, na haɗa su fuska da fuska, na soka tsinken ashana a gefe ɗaya don ya ɗan buɗe, na ɗaure da roba. Na tsayar da su a cikin faranti mai ruwan da na ɗiga wa tawada. A gefen ashana ruwan bai tashi ba sai ɗan kaɗan. Yana matsawa zuwa gefen da gilasan suka matse yana ƙara hawa, ya yi lanƙwasa mai kyau har ya kusa kai saman gilashin. Na daɗe a tsugune ina kallo. Wani likita ɗan Ingila, James Jurin, ya bayyana lissafin wannan tun 1718: in ka rage faɗin bututu da rabi, tsayin da ruwa zai hau ya ninka. A bututun gilashi mai faɗin milimita 1, ruwa yakan hau wajen santimita 3. In faɗin ya koma kashi ɗaya cikin goma na milimita, sai ya hau wajen santimita 30. Na sake gwajin bayan na goga wa gilasan kyandir a ciki. Matsin yana nan yadda yake, amma ruwa ya ƙi hawa, domin bangon ya daina karɓarsa. Wannan gwaji na biyu shi ya fi yi mini amfani daga baya, ko da yake a lokacin ban gane ba.

Ashe masu yin irin wannan yadi abu biyu suke nema a tare: matsattsun hanyoyi masu yawa, da bangon da ruwa zai yarda ya kama. Hanyoyin daga siffar zare suke fitowa. Narkakkiyar roba ake matsowa ta wani faifan ƙarfe mai ƙananan ramuka kamar kan shaya, ta fito sili-sili ta daskare. In ramin zagayayye ne, sili ya fito zagayayye mai santsi. In an yanka ramin da kusurwoyi, sili ya fito da kwaroro a jikinsa tun daga farko har ƙarshe, kamar magudanar ruwa. Zaren Coolmax da kamfanin DuPont ya fitar a 1986 irin wannan ne, mai kwaroro huɗu. Wasu kuma sirantar da silin suke yi ƙwarai, har a samu wanda tsawon kilomita 9 nasa bai kai nauyin gram 1 ba, a murɗe ɗaruruwansu wuri ɗaya, sai tsakaninsu ya cika da 'yan hanyoyin da ido ba ya gani. Bangon kuwa da sinadari ake gyara shi. Akan wanke yadin da wani haɗi mai son ruwa wanda zai lulluɓe bayan kowane sili, cikin silin kuma ya zauna yadda yake, ba ya sha. Ruwa ya samu abin kamawa, ya bi ya wuce, bai samu wurin zama ba. Ƙyallen jakata bai samu ko ɗaya daga cikin biyun ba.

A nan ne almakashi ya shigo. Gwaji na gaba yana buƙatar a yanko tsiri daga kowane yadi, a rataye shi a tsaye, bakinsa na ƙasa ya taɓa ruwa, a ga inda naso zai kai. Tsohuwar shuɗiyar ban ji komai ba da na yanke ta. Sabuwar ce na yi ta juyawa a hannu, daga ƙarshe na yanko daga ƙasan gefe inda wando zai rufe. Tsiri uku, faɗin yatsa biyu, tsawon taƙi ɗaya. Na maƙale su a jikin rula da abin shanya, na ɗora rular a kan littattafai, na tura kwanon ruwa mai tawada ƙarƙashinsu.

Ƙanwata ta shigo ta same ni a haka. Ta dubi rigunan, ta dubi tsirin, ta ce, "Yaya, lafiya kuwa? Sabuwar riga ka yanka?" Na ce bincike nake yi. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta fita tana girgiza kai.

Na riƙa sa alama da fensir a kowane minti. A sabuwar rigar tawada ta yi tsalle a minti na farko, sannan ta riƙa rage gudu. Duk tsirin da ruwa ya hau haka ya yi, sauri da farko, nawa daga baya. Na ɗauka gajiya ce kawai ta hawa sama, amma dattijon ya ce ko a kwance ka ajiye tsirin haka za ka gani: kafin nisan ya ninka biyu, sai lokaci ya ninka huɗu, don ruwan yana jan doguwar jela a bayansa cikin matsatsiyar hanya. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Edward Washburn, shi ya rubuta lissafin a 1921, kuma har yau da shi masu gwajin yadi ke aiki. Ma'anarsa ga mai gudu ita ce, yadin yana da ƙarfi wajen kai gumi gajeren zango, daga fata zuwa fuskar riga ta waje da ɗan kewayen wurin. Ba zai kwaso gumin baya ya kai shi hannun riga ba.

Tsohuwar shuɗiyar ta ba ni kunya, da ƙyar ta hau faɗin yatsa ɗaya. Wadda ta ba ni mamaki ita ce auduga. Na zaci za ta zauna a baya, sai ga ta tana bin sabuwar rigar a guje, tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Tallace-tallace sun sa na ɗauka auduga ba ta iya jan ruwa. Ta iya sarai, ai da ita ake yin lagwani. Matsalarta ita ce rowa. Silin auduga yana son ruwa ciki da waje, yana sha har ya kumbura, kuma in ya kumbura sai ramukan saƙar su tsuke, iska ta rasa hanyar wucewa. Ga shi jiƙaƙƙen sili yana yin laushi ya kwanta a fata. Abin da ta ɗauka ba ta son saki.

Don in auna wannan rowar, na ɗauko ƙaramin sikeli mai nuna gram. Na auna rigar auduga da sabuwar rigar a bushe, na tsoma su a bokiti ɗaya, na matse su daidai ƙarfina, na sake aunawa. Nauyin audugar ya haura ninki biyu. Na poliyesta ya ƙaru, amma ruwan da ta riƙe bai kai rabin na audugar ba. Na rataye su a inuwa gefe da gefe ina aunawa duk bayan minti 15. Abin da na gani ya gyara mini wani kuskure. Yawan ruwan da ke barin kowacce a cikin minti 15 na farko kusan ɗaya ne, tun da iska ɗaya ce ke kaɗa su, faɗinsu kuma ɗaya. Poliyesta ta riga bushewa ne saboda tun farko kayan da ta ɗauko kaɗan ne, kuma a waje yake, ba a cikin sili ba. Audugar ta daɗe da ragowar laimar nan ta ƙarshe a wuya da ɗinki. Daga nan na fahimci cewa kaurin yadi yana da babban rabo a cikin maganar. Poliyesta mai kauri za ta iya riƙe ruwa fiye da siririyar auduga.

Me ya sa ma bushewar ta dame mu haka? Saboda gumi ba ya sanyaya jiki sai ya zama tururi. In mutum yana gudu, wajen kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da tsokarsa ke ƙonawa zafi yake zama, kuma dole zafin ya fita. Fata tana da ƙofofin gumi miliyan 2 zuwa 4 don wannan aikin. Kowane gram ɗaya na gumi da ya tashi ya bi iska yana tafiya da zafin da ya kai jul 2,400 (jul ma'aunin zafi ne). Wanda ya gangaro ya ɗiga a ƙasa, ko ya taru a ƙugun wando, asara ce: jiki ya yi hasarar ruwa da gishiri, zafin kuma yana nan. Na hau sikelin wanka kafin gudun sa'a ɗaya da bayansa, na tarar na ragu da kusan kilo guda, wato kusan lita ɗaya ta ruwa. Wannan ba abin mamaki ba ne, mai motsa jiki yakan zubar da rabin lita zuwa lita 2 a sa'a. Aikin rigar shi ne ta kama ɗigon kafin ya gangara, ta baza shi ya yi faɗi, yadda iska za ta same shi ta wuri mai yawa. Duk wanda ya taɓa zubar da kofin ruwa a ƙasa ya share shi da tsintsiya don ya bushe da wuri ya san dabarar.

Wata rana na aro gilashin ƙara girman abu na duba sabuwar rigar ciki da waje, sai na ga fuskokin biyu ba iri ɗaya ba ne. Ta ciki tana da ramuka manya da 'yan tudu-tudu, ta waje kuma sumul take, saƙarta a matse. Na tuna gilasaina da tsinken ashana: ruwa daga wuri mai faɗi yake gudu zuwa matsattse. An sa zare mai ɗan kauri a ciki, siriri a waje, don gumi ya bi hanya ɗaya, ya fita kada ya dawo. Tudun nan kuma suna rage wurin da yadi ke taɓa fata, shi ya sa ba ta mannewa. Na ɗiga ruwa ta ciki, na juya, naso ya fi faɗi a waje. Na ɗiga ta waje, ya bazu a wajen, cikin ya ɗan yi laima kawai. Sau nawa na sa rigar nan a bai-bai cikin duhun asuba ban damu ba?

Saura babbar tambaya: me ya kashe tsohuwar? Dattijon ya ce in faɗa masa yadda nake wanke ta, kada in tsallake komai. Na ce sabulun wanki mai yawa, tun da tana wari. Ya ce to. Na ce a ɗaurayar ƙarshe ina zuba ruwan nan mai ƙamshi da ke sa tufafi laushi, murfi biyu maimakon ɗaya, shi ma saboda warin. Ya tsaya cak a kan hanya, ya ce, "Ka karanta 'yar takardar da ke gefen rigar kuwa?" Ban karanta ba. Da na koma gida na duba, ga shi an rubuta ƙarara cewa kada a sa mata shi. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na kamfani.

Ruwan laushin nan maiƙo ne a haƙiƙa. Kowace ƙwayarsa tana da kai mai manne wa zare da doguwar jela mai santsi da ke kallon waje, santsin jelar ne hannu ke ji ya ce yadi ya yi laushi. Shi ya sa tawul ɗin da aka daɗe ana sa wa yake daina tsane jiki. Wata biyar ina goga wa hanyoyin rigata kyandir da hannuna, daidai yadda na yi wa gilasan. A kan wannan ga maiƙon jiki da man shafawa, ga ragowar sabulun da ɗauraya ba ta fitar ba. Poliyesta tana ƙin ruwa amma tana son mai, in ta kama shi ba ta saki da sauƙi.

Sai na shiga aikin ceto. Na juya rigar cikinta ya koma waje, tun da a nan dattin yake. Na jiƙa ta rabin sa'a a ruwan khal, wato binega, kofi ɗaya cikin kofi huɗu na ruwa, na ɗauraye. Na sake jiƙa ta a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, da sabulu kaɗan, na cuɗa hammata da gadon baya a hankali, na ɗauraye har sau uku sai da ruwan ya fito garau babu kumfa. Na shanya a inuwa. Ban kusantar da ita ga dutsen guga ba, ban kuma sa mata bilic ba, domin a wuyanta akwai zaren roba mai talewa wanda zafi da bilic ke kashewa. Bayan wanki na farko ɗigon ya nutse cikin wajen daƙiƙa 20. Bayan na uku ya koma daƙiƙa huɗu ko biyar. A nan ya tsaya, duk wankin da na ƙara bai motsa shi ba. Sabuwar har yanzu ta fi ta. Dattijon ya ce wannan ragowar tazarar ita ce sinadarin masaƙa da ya riga ya zube, don irin wanda ake shafawa a bayan zare yana raguwa da yawan wanki, kwaroron jikin sili ne kawai ba ya gogewa. Ashe zargina na farko yana da ɗan ƙamshin gaskiya, sai dai kaso mafi girma nawa ne.

Warin ya ragu sosai amma bai tafi gaba ɗaya ba, kuma ruwa ba ya tsami banza. Gumi da kansa kusan ba ya wari. Ƙwayoyin bakteriya ne ke cin maiƙon da ke fitowa daga hammata su bar abin da hanci ke ji. A 2014 masu bincike a Jami'ar Gent da ke Beljiyam sun sa mutum 26 tuƙa keken motsa jiki na sa'a ɗaya, suka karɓi rigunansu suka rufe a leda fiye da kwana guda, sannan aka sa ƙwararrun masu sansana su yi hukunci. Na poliyesta suka fi wari, kuma an samu wani jinsin bakteriya mai suna Micrococcus yana yaɗuwa a kansu, alhali a kan auduga kusan babu shi. Auduga kuma tana shanye wani ɓangare na warin ta ɓoye a cikin sili, poliyesta ba ta da inda za ta ɓoye. Wasu kamfanoni suna haɗa sinadarin azurfa a yadi don rage ƙwayoyin. Ni abin da ya fi yi mini aiki mai sauƙi ne: na daina cusa jiƙaƙƙiyar riga a jaka ko kwandon wanki ta kwana. Ko ba zan wanke ba a ranar, sai na ɗauraye ta na baza.

Akwai ranar da ta nuna mini iyakar duk wannan fasaha. An kwana ana ruwa, gari ya waye babu iska, laima ta cika ko'ina har numfashi yana nauyi. Na sa sabuwar rigar na fita. Kafin rabin hanya ta jiƙe jagab, gumi na ɗiga daga bakinta. Ba ta lalace ba, ta yi nata aikin, ta kai ruwan waje. Iskar da za ta karɓa ce ta riga ta ƙoshi. Kuma in hanyoyin sun cika, jan ruwa ya tsaya, kamar lagwanin da aka kashe wa wuta. Ban da haka, tururin da ya tashi daga fuskar riga ta waje ba ya sanyaya jiki kamar wanda ya tashi daga kan fata, don wani kason zafin daga iskar waje yake ɗaukowa. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗinka irin waɗannan riguna su ɗan kama jiki kuma a yi su sirara. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2001 ya gwada masu gudu a zafi matsakaici da auduga da kuma yadin roba, bai samu bambancin a-zo-a-gani ba a zafin cikin jikinsu. Na yarda da wannan, don ni ma ban taɓa ganin riga ta ƙara mini sauri ba. Abin da take ba ni shi ne rashin nauyi, rashin gogar fata, da saurin bushewa in na tsaya. Na ƙarshen nan ya fi muhimmanci a wurin sanyi, domin ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska wajen sau 25, kuma jiƙaƙƙiyar auduga a jikin wanda ya gama hawan dutse ya tsaya cikin iska tana iya zama haɗari na gaske. Masu irin wannan tafiya da yawa ulu suke zaɓa, wanda ke iya ɗaukar laima har wajen kashi 30 cikin 100 na nauyinsa hannu bai ji shi a jiƙe ba, ga shi ba ya saurin wari.

Abu ɗaya da bai kwanta mini ba har yanzu shi ne, duk wankin da na yi wa rigar nan, 'yan ɓurɓushin zaren roba suna bin ruwan wanki su tafi, kuma ba sa ruɓewa. Shi ya sa nake haɗa wanki wuri ɗaya, da ruwan sanyi, ba tare da dirza mai yawa ba.

Tsohuwar shuɗiyar ta dawo aiki, da giɓin almakashi a gefenta wanda ƙanwata ta ɗinke mini da zaren da bai dace da launinta ba. Kwalbar ɗigon idon tana nan a kan tagar wurin shanya. Duk bayan 'yan makonni, in rigunan sun bushe, nakan ɗiga wa kowacce ɗigo ɗaya a gadon baya, ta ciki, in ƙirga. Wadda ta wuce goma, a ranar take komawa bokiti.